Hawayen Mai-agogo

Mai-agogo bai yi kuka ba ranar da matarsa ta rasu. Ya karɓi gaisuwar mutane, ya amsa wa kowa yadda ya kamata, da jama'a suka ragu kuma ya buɗe shagonsa ya zauna, domin akwai agogon wani direba da ya yi alkawarin gamawa. 'Ya'yansa biyu ne, duka mata, kuma a gabansu aka yi. Ƙaramar, wadda ake kira Auta har bayan ta yi aure ta haihu, ta ce ai halin Baba ne, ba yau ya fara ba. Babbar, wadda kowa a gidan ke kira Yaya, sai ta tattara 'ya'yanta ta koma gidan mijinta, daga nan zuwanta ya zama sai ta kama dole.

Shagon ɗakin gaban gidan ne. Ƙofa ɗaya tana kallon titi, ɗayar tana shiga tsakar gida. A ciki akwai teburi mai aljihuna da yawa, da ƙwan lantarki da aka sauko da shi har kusa da goshinsa, da fanka a kan kujera tana hura masa fuska, da gwangwanayen alewa cike da batir da maɗaurai da ƙusoshin da ba su kai ƙwayar shinkafa ba. Bango kuwa agoguna ne na mutanen da suka kawo gyara ba su dawo ba, kowanne da lokacin da yake faɗa. Mai askin da ke maƙwabtaka da shi yakan ce duk wanda ya shiga shagon nan da sanin lokaci, a ruɗe zai fito.

Bayan 'yan watanni idanunsa suka fara damunsa. Da farko ji yake kamar an watsa masa yashi a ƙarƙashin fatar ido, musamman idan rana ta yi. Ya wanke da ruwa, bai ga canji ba. Ya tsallaka titi zuwa kemis, mai kemis ya miƙo masa wata 'yar kwalba ta maganin jan ido, ya ce ya ɗiga idan ya ji zafi. Ya ɗiga, ya ji sanyi, ya koma aiki. Sanyin ba ya daɗewa, don haka ya ajiye kwalbar kusa da sukundirebobinsa, da ya ji raɗaɗi sai ya ɗaga kai ya matsa. Kwalba ta ƙare ya sayo wata, ita ma ta ƙare.

Daga nan ruwa ya ɓalle. Yana cikin ɗaura allurar agogo sai ya ji abu ya gangaro masa a kunci. Ya share, wani ya biyo. Ya fara ajiye hankici a kafaɗa kamar mai sayar da nama.

Mutane suka lura. Wata mata da ta kawo agogon mahaifinta marigayi ta tsaya tana kallonsa yana share fuska, ba ta san sanda ita ma ta ɓarke da kuka ba, sai da ya ba ta kujera. Mai aski ya leƙo da almakashi a hannu, ya girgiza kai.

"Maƙwabci, haƙuri ake yi."

"Haƙurin me?"

"Ba sai ka faɗa ba. Ni ma na binne tawa, na san yadda abin yake zuwa daga baya."

Mai-agogo ya ce idonsa ne ke ciwo. Mai aski ya ce haka ne, ai ta ido yake fitowa, ya koma kan kan da ya bari rabi.

Wata Asabar Yaya ta zo ɗaukar keken ɗinkin mahaifiyarsu, wanda tun farko aka ce ita za ta riƙe. Ta shigo ta ƙofar gida, ta gaida bango da kujeru, sannan ta nufi shagon don ta gaida shi ta tafi. A bakin ƙofar ciki ta tsaya. Yana zaune, kansa a sunkuye, hawaye na bin kuncinsa har cikin gemu, a tafin hannunsa kuma ɗan agogon uwarta ne mai maɗaurin azurfa. Agogon ya tsaya ne da safen nan a inda aka ajiye shi, shi kuwa ba ya iya ganin agogo a tsaye ya ƙyale, ya ɗauko yana canja masa batir.

Yaya ta ajiye jakarta a ƙasa. Ta durƙusa gefen kujerarsa, ta kama hannunsa da agogon duka, ta kifa kai a gwiwarsa tana kuka.

"Baba, ka yafe min," ta ce. "Ban sani ba. Wallahi ban sani ba."

Ya buɗe baki zai yi mata bayani. Rabon da ta riƙe hannunsa tun tana 'yar makaranta yana tsallakar da ita titi. Ya dubi bayan kanta, ya ga ashe furfura ta fara fito mata a gefen kunne. Ya rufe bakinsa. Ranar ba ta ɗauki keken ba.

Da yamma ta kira Auta a waya.

"Mun ɗauki alhakin Baba," ta ce. "Ashe a ciki abin yake cinsa. Ke ma da kike kusa ba ki gani ba?"

Tun daga ranar ta dawo da zuwa. Takan biyo daga ofis da kular abinci, ta zauna a kujerar masu kawo gyara tana ba shi labarin wurin aiki, na shugabarta mai ɗaga murya da na injin buga takardun da ke cinye takarda. Ranar hutu ta kawo yara su cika tsakar gida da ihu. Ta wanke labule, ta kwashe tarkacen kicin, ta sa aka gyara famfon da ya daɗe yana ɗiga. Idan ruwan ya gangaro masa, sai ta kawar da kai ta ba shi lokaci ya share. Shi kuma ya share, ya ci abincin, ya saurari labarin.

Ba a jima ba ta zo da shawara. Zaman kaɗaici ne ke ƙara masa, in ji ta, don haka zai koma gidanta. Mijinta ya yarda, har ya fara kwashe kayan da ke ɗakin ajiya, za a yi masa fenti a sa gado. Shago kuwa ai ya yi aikin da ya isa.

"Za mu duba," in ji Mai-agogo.

Auta tela ce, kuma ta san idon da ya gaji da aiki. Ta zo wata rana tana shara a shagon, ta juye kwandon shara, kwalaben maganin ido suka zubo suna gangarawa ƙarƙashin teburi. Ta ɗaga kai ta dube shi sosai a hasken ƙofa. Fararen idanunsa sun yi jajir, gefen fatar ya kumbura.

"Baba, duk kai ka ƙarar da waɗannan?"

"Wa zai ƙarar min?"

"Gobe za mu asibitin ido."

"Ina da aiki gobe."

"Agogunan nan sun shekara suna jira, za su iya ƙara wuni."

Washegari suka zauna a dogon benci tare da tsofaffi masu auduga a ido da wata yarinya da ke ta murza tabarau. Da layi ya zo kansu suka tarar da likita mace, mai magana a hankali. Ta sa ya ɗora haɓa a kan na'ura, ta haska masa ido, ta ɗiga wani ruwa mai launin rawaya, ta ce ya ƙifta sannan ya daina. Ta karɓi kwalbar da Auta ta zo da ita, ta juya bayanta ta karanta ƙananan rubutun.

"Baba, idonka a bushe yake."

Mai-agogo ya yi 'yar dariya, ya zaro hankicin daga aljihu ya nuna mata.

"Likita, taɓa ki ji. Wannan na safen nan ne kawai."

"Na yarda," ta ce. "Ruwan ido iri biyu ne. Akwai wanda ke lulluɓe ido kullum, mai ɗan maiƙo, ba a ganinsa. Shi ne ya yi maka ƙaranci. Idan ido ya ji zafin rashinsa sai ya ɓaro ruwa tsagwaro, shi kuma ba ya zama, gangarowa yake yi. Kana ta zubarwa, idon yana nan da ƙishinsa."

Ta ɗaga kwalbar. Ta ce irin wannan ana zuba masa wani sinadari don kada ya lalace bayan an buɗe. Wanda ke ɗigawa jefi-jefi ba lalle ya dame shi ba, amma mai ɗigawa dare da rana, sinadarin kansa yana ƙara ƙona idon. Ga shi kuma ba don bushewa aka yi shi ba tun farko. Ta buɗe aljihun teburinta ta fito da wasu 'yan robobi sirara, a manne da juna kamar haƙoran mataji. Ta ɓalle ɗaya, ta murɗe kanta.

"Wannan ba shi da sinadarin, shi ya sa ake zuba shi kaɗan-kaɗan. Ka buɗe, ka ɗiga a ido biyu, ka yar da sauran."

"In yar? Da magani a ciki?"

"Babu abin da ke tsare shi. Idan ka ajiye, abin da zai shiga ciki ya fi abin da ka yi tattali."

Ta tambayi sana'arsa, ya faɗa. Ta ce mai kallon ƙaramin abu yakan manta da ƙiftawa. Ta ce ya juya fanka daga fuskarsa, ya riƙa tashi yana kallon nesa, ya riƙa ɗora tsumma mai ɗumi a kan idon da safe. Sannan ta ce, "Amma ka daɗe kana wannan aikin. Me ya canja a 'yan watannin nan?"

"Babu," ya ce. "Teburin nan ne, fitilar nan ce."

Auta ta dube shi. Har suka hau mota yana juya tambayar.

A gida ya jera 'yan robobin a aljihun teburi na sama. Yar da sauran maganin ya fi komai yi masa ciwo, mutumin da bai taɓa yar da ko ƙusa ba. A ƙarshe ya samo wa kansa mafita: idan ya ɗiga, sai ya matse ragowar a ƙasa, ya yanke robar, ya shanya ta, ya zuba ƙananan ƙusoshi a ciki.

"Zan gaya wa Yaya," in ji Auta.

"Ki bari tukuna."

"Har yaushe? An fa gama fentin ɗakin. Shuɗi."

"Ni ban yi mata ƙarya ba."

"Ba ka yi ba. Ka dai bar ta ta yi wa kanta."

Ya maƙala gilashinsa na duba ƙananan abubuwa a ido ya sunkuya kan aiki. Auta ta tsaya kaɗan, ta ɗauki jakarta ta tafi. Ba ta faɗa wa Yaya ba.

Maganin bai yi aiki dare ɗaya ba. Makon farko kamar ba a yi komai ba. A hankali jan ya fara washewa, yashin ya ragu, hankicin ya koma aljihu. Yaya ta lura, ta kira Auta da murna.

"Kin gani? Baba ya fara dangana. Mutum yake buƙata kusa da shi, shi ke nan."

"Uhm," in ji Auta.

Mai aski ne ya fasa ƙwan, kuma ba da niyya ba. Ya riga ya ga robobin, ya tambaya, an gaya masa. Wata yamma Yaya tana zaune a shagon tana buɗe kula, ya leƙo yana kaɗe gashi daga rigarsa.

"A'a, 'yata, sannu da zuwa. Kin ga abin da tsohon nan ya yi mana? Wata da watanni ina ba shi haƙuri har maƙogwarona ya bushe, ashe idonsa ne ya bushe! Likita ta ce ko albasa ta fi shi dalilin kuka."

Ya yi dariyarsa shi kaɗai. Da ya ga babu mai taya shi, ya ce yana jin an shigo masa, ya janye kansa.

Yaya ta mayar da murfin kular ta rufe. Ta miƙa hannu ta jawo aljihun teburin da ta ga uban yana yawan buɗewa, ta ɗauko kwalin, ta karanta gaba da baya. Ta daɗe tana karantawa, fiye da yawan rubutun da ke jiki.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun da muka je asibiti da ƙanwarki."

"Kafin nan fa? Ranar da na same ka da agogon Mama?"

"Batirinsa ne ya ƙare."

"Na durƙusa a nan ina roƙonka gafara, Baba."

"Kin durƙusa."

"Ka kuwa bar ni."

Bai musa ba. Ya cire gilashin daga idonsa ya ajiye a kan ƙyalle. A waje wata babbar mota ta wuce, agogunan bango suka yi rawa a ƙusoshinsu.

"Likita ta tambaye ni abin da ya canja," ya ce. "Na ce mata babu. Daga baya na gano. Uwarku ba ta taɓa barina in zauna ba. Ina cikin aiki sai ta leƙo ta ƙofar nan: zo ka buɗe min kwalba, zo ka ga abin da kyanwa ta yi, zo ka riƙe min bakin zanin nan in ninke. In ta shigo kuma sai ta juya fankar nan, ta ce za ta busar min da ƙwaƙwalwa. Na yi ta faɗa a kan haka tun kuna ƙanana. Nakan ce mata aikin minti kaɗan sai ya kai ni wuni saboda ita. To yanzu babu mai kira. Ina zama da safe, in ɗaga kai in ga rana ta juya. Fankar ma inda na sa ta nan take wuni. Shi ne idon ya bushe."

Ya faɗe shi ne da muryar da yake gaya wa mai agogo abin da ya lalace a ciki.

Yaya ta dube shi. "Abin da za ka ce a kanta ke nan? Ta hana ka aiki, ta juya fanka?"

"Abin da aka tambaye ni ke nan."

"Ni ba likita ba ce."

Ya shiga neman abin da zai ƙara. Ta jira. Da ta ga jiran ba zai haifar da komai ba, ta tashi, ta tura masa kular gabansa, ta ce ya ci tun da zafi. Ta shiga ciki, ta kira mai a-daidaita daga titi, suka ɗora keken ɗinkin, ta tafi.

A waya ta yi wa Auta tatas, ta ce an haɗa baki an mayar da ita abin dariyar masu aski. Auta ta saurara har ta gama, sannan ta ce, "Yaya, abincin da kika kai masa dai ya ci, kuma ya yi ƙiba. Wannan ba ƙarya ba ne." Yaya ta kashe wayar.

Maganar komawa gidanta ta mutu ba tare da kowa ya kashe ta ba. Ɗakin shuɗin ya zama na karatun yara, daga baya mijinta ya mayar da kayan ajiyarsa ciki. Mai-agogo ya ci gaba da buɗe shago. Ya koma asibiti, likita ta duba ta ce an samu sauƙi, amma maganin zai daɗe tare da shi, wataƙila har abada. Ya ce to. Mai aski ya yi kwanaki yana wucewa ta ƙofar shagon da sauri, har sai da Mai-agogo ya kira shi da kansa ya ce ya zo ya rage masa gemu.

Yaya ta yi kusan wata ba ta zo ba, ba ta kira ba. Ran nan da hantsi, yana tsakiyar haɗa wani agogo mai wuyar sha'ani, waya ta yi ƙara a ɗakin ciki inda yake barinta a caji. Ya ƙyale ta. Ta katse, ta sake. Ya ajiye matsefata, ya tashi, ya ratsa tsakar gida.

"Baba, ina kwana."

"Lafiya lau. Ya yaran?"

"Suna nan. Batirin ma'aunin kicin ɗina ne ya mutu. Wane iri zan saya?"

"Mai faɗi ne ko ƙarami?"

"Ban sani ba. Zagayayye ne dai."

"Duk zagayayyu ne. Ki buɗe bayan ki karanta min lambar."

"Ina ofis."

"To ki kawo shi in gani."

Yana jin ƙarar injin buga takardu a bayanta, da muryar wata mata tana kiran wani.

"Sai dai ko ranar Asabar," ta ce. "In na samu hanya."

"Shagon a buɗe yake."

"Ka sa maganin?"

"Yanzu zan sa."

"To ka sa," ta ce, ta kashe.

Ya mayar da wayar caji. Tun da ya riga ya tashi, ya tsaya a tsakar gida yana kallon tankin ruwan da ke saman benen maƙwabta, inda wasu tattabaru ke rigimar wurin zama. Sannan ya koma shago, ya ɓalle roba ɗaya, ya ɗaga kai sama. Ɗigon farko ya sauka a kuncinsa, na biyu ya shiga.